Rabon dare ke cinye gangunan 'yan badujala

Duk wanda ya tashi cikin birnin Katsina ya san ƙarar badujala. Watan Maulidi in ya kama, tun daga Rafindaɗi har Ƙofar Ƙaura kunnenka ba ya rabuwa da ita, ɗaliban Islamiyya sun jeru cikin sababbin kaya, masu bigila da ganguna na gaba, yara na biye da su a guje. Haka ranar yara 27 ga Mayu, haka faretin 1 ga Oktoba, haka walimar sauka, haka in ɗan unguwa ya samu sarauta. Kowa so yake a ce da badujala a taronshi. Amma tsayar da mutum ɗaya cikin masu kallon nan ka tambaye shi da wane kuɗi ake canza fatar babbar gangar can in ta fashe, sai dai yai maka shiru.

Ba badujalar soja ko ta 'yan sanda nake magana ba, waɗannan gwamnati ke ɗauke da su. Ina nufin ta unguwa, wadda samari ke haɗuwa su kafa da kansu, wani tela ne, wani Napep yake ja, wani gyaran waya yake a bakin kasuwa, wasu ɗalibai ne. Ba don riba suka kafa ta ba, sha'awa ce da son a san unguwarsu. Ba kuma zan shiga muhawarar malamai a kan kiɗa ba, wannan tana da masu ita. Abin da ya dame ni shi ne yadda ƙungiyoyin nan ke tashi da ƙarfi, shekara biyu uku ana ji da su, sai ka neme su ka rasa, in ka tambaya a ce maka ai kaya sun lalace babu kuɗin gyara. Ni kuma na daɗe ina zama da su, ina kallon yadda kuɗi ke shigowa da yadda yake fita, kuma abin da na gani shi ne kuɗi na shigowa. Ba mai yawa ba, amma yana shigowa. Daren da ya shigo ne ake gamawa da shi.

Ga yadda abin yake. An gayyace su wasa, an bada kafin alƙalami, sun ɗauki shatar mota da shi. An je an yi, an basu ciko, an yi masu liƙi a fili, wani Alhaji ya ji daɗi ya kira ciyaman gefe ya miƙa mashi wani abu. Da an dawo, tun ba a cire inifam ba, sai a zauna ƙofar shagon da ake aje kaya a zube kuɗin a tabarma, a cire na direba, a cire na ruwan leda da abincin da aka ci bashi, abin da ya rage a raba. Manya su ɗauki nasu, masu bigila su ɗauki nasu, ƙananan yara masu ɗaukar kaya a basu na sabulu. Kowa ya tafi gida da fara'a. Gangunan da suka sha duka tun hantsi har la'asar kuwa a jingine su bango ba a ware masu ko sisi ba. Wannan shi ne manomin da ya daka irin shukarshi yai tuwo da shi, daren zai ƙoshi kam, amma damina na nan tafe.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, kayan badujala suna cin kuɗi ko an buga su ko ba a buga ba. Fatar ganga tana saki, tana fashewa, musamman lokacin hunturu da komai ke bushewa. Ƙarafunan ɗaure ta suna tsatsa da damina in ɗakin na yoyo. Kayan busa na ƙarfe suna son mai, maɓallansu na maƙalewa in ƙura ta shiga, kuma Katsina ai ba a ba mu labarin ƙura. Yaro ya yar da ƙaho sau ɗaya ya loɓe, sautin ya canza kenan sai an kai ma mai gyara, mai gyaran kuma ba kowane lungu ake samunshi ba, sau da yawa sai an dangana da Kano. Sandunan kiɗa kullum cikin karyewa suke. Bakin bigila ɗan ƙaramin abu ne, ya faɗi a filin taro shikenan. Ga inifam da ke koɗewa, ga takalma, ga hula, ga hayar shago. Duk wannan lissafi ne da ke tafiya kowane wata, shi kuwa wasa ba kowane wata ake samu ba. Akwai Rabi'ul Awwal, akwai bayan sallah, akwai lokacin kaka da ake yawan biki, sai kuma a shiga azumi da tsakiyar damina a zauna shiru. Ƙungiyar da ba ta ɗebi na watan samu ta aje ma watan rashi ba, a watan rashin nan take fara mutuwa, ko da ba a gane ba sai daga baya.

Sannan kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su, wato dala ke yanka masu farashi. Kafin tsakiyar 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Man fetur da ake sayen lita ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, kafin ƙarshen 2024 ya taɓa 1,000 har ya wuce. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. To ka duba, ƙahon da aka saya shekara biyar da suka wuce, yau in ya mutu kuɗin da aka saye shi ba zai maido ko rabinshi ba, shatar mota ta ninka ta sake ninkawa, amma abin da ake ba 'yan badujala in an gayyace su bai wani motsa ba. Wasu ma har yanzu "na goro" suke kiranshi.

Nan kam dole in tsaya kan masu gayyata, don laifin ba na samarin nan kaɗai ba ne. Makaranta za ta shirya zagaye ko walima, ta karɓi kuɗi hannun iyaye, ta biya mai rumfa da kujeru cif, ta biya mai lasifika da janareto cif, ta biya mai hoto, ba wanda ta ce ma ya yi haƙuri. Da an zo kan badujala sai ka ji "ai yaranmu ne, na gida ne, ku zo ku taya mu, Allah zai bada lada". Mutum ashirin ko talatin su kwashe wuni a rana suna tafiya suna busa har leɓe ya kumbura, a sallame su da abin da bai kai kuɗin rumfa biyu ba. Su kuma kunya ta hana su magana saboda mai gayyatar malaminsu ne ko abokin babansu. Lada gaskiya ce, ba na musu, amma mai rumfa ma yana son lada kuma an biya shi. In har ƙungiya ba ta zauna ta lissafa nawa fita ɗaya ke ci mata ba, mota, abinci, sallamar yara, da rabon kaya, ta faɗi farashi ta tsaya a kai, to duk fitar da tai asara ta tafka tana murna. In za a yi ma wata makarantar marayu kyauta a yi, abu ne mai kyau, amma a san kyauta akai, a rubuta.

Liƙi kuma da ake dogara da shi ba abin dogara ba ne yanzu. Mun gani farkon 2023 lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1,000, mutum da kuɗinshi a banki ya kwana a layi bai samu dubu biyar ba, wa zai yi maka liƙi? Ga shi dokar Babban Banki ta 2007 dama ta hana watsa naira a wajen biki, hukuncinta ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyun, kuma 'yan shekarun nan an ga an fara kama mutane a kai, manyan mutane da yawa sun ja hannu. Kafin nan ga 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu aka hana taruka. Ga matsalar tsaro da ta sa gayyata daga wajen Batsari, Jibiya, Safana ko Ɗanmusa sai an yi shawara da iyaye kafin a amsa, galibi ma a bada haƙuri. Kowane ɗaya cikin waɗannan ya isa ya tsayar da ƙungiya wata da watanni, kuma wadda ke rabon dare ba ta da abin da za ta jingina da shi ko na wata ɗaya.

Sai babbar hanya ta biyu da ake bi, uban ƙungiya. A samu wani mai hali, yawanci ɗan siyasa ko mai shirin zama, a naɗa shi uba, ya sayo ganguna sababbi fil da inifam, wani lokacin har da hotonshi a jikin babbar ganga. Ba na zagin kyauta, wanda ya bayar Allah ya saka mashi. Amma kyautar shekarar zaɓe tana da igiya. Ranar da ya faɗi zaɓe ko ya canza jam'iyya, wayarshi ta daina shiga. Ranar da kuka je wasa taron abokin hamayyarshi don an biya ku, sai a aiko a ce a maido kaya, kuma babu takarda ko ɗaya da ta nuna kayan nan kyauta ne ko aro. Rabin unguwa kuma sun riga sun ɗauke ku 'yan jam'iyya kaza, sun daina gayyatarku.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. A arewacin Ingila da yawa cikin ƙungiyoyin masu busa ƙaho na gari sun taso ne a jikin ma'adinan kwal da masana'antu tun ƙarni na 19, kamfani ke tallafa masu, ma'aikata ke busawa. Da aka shiga rufe ramukan kwal bayan yajin aikin 1984 zuwa 1985, uban ya tafi. Waɗanda suka rayu su ne suka koma tara kuɗin mambobi, sayar da tikitin wasa, neman masu tallafi da yawa maimakon mutum ɗaya. Ni da a ce mutum ɗaya ya ba ƙungiya miliyan ɗaya sau ɗaya, na fi son 'yan kasuwar unguwa arba'in kowa ya ɗauki alkawarin dubu ɗaya duk wata, don in ɗaya ya fasa saura talatin da tara na nan, kuma ba wanda zai ce ƙungiyar tashi ce.

Yanzu ga wurin da ya fi ciwo, wanda ba a son taɓawa. Ko ƙungiyar da ta ɗan yi ƙoƙari ta ce za ta aje wani abu, ina ake aje shi? Aljihun ma'aji, ko akawun ɗinshi na kanshi, inda kuɗin shagonshi da na cefanen gidanshi ke shiga suna fita. Wallahi mafi yawan ma'ajin nan ba ɓarayi ba ne, mutanen kirki ne shi ya sa ma aka zaɓe su. Amma mutum ne, matarshi za ta haihu, ɗanshi zai kwanta asibiti, kuɗi na hannunshi, zai taɓa da niyyar ya maida. Ranar da fata ta fashe ana gobe wasa a ce ya kawo, sai ya fara kame-kame. Shi kanshi bai san nawa ne na ƙungiya nawa ne nashi ba don ba a rubuta ba. Daga nan sai ƙus-ƙus, sai zargi, sai wani yaro ya yi ƙarfin hali a taro ya ce "Yaya, dan Allah nawa ne ya rage a asusu?" a taso mashi, "kai har ka isa ka tuhumi yayanka? Yaushe ka shigo?" Yaron ya yi shiru, sati biyu ya daina zuwa atisaye, abokanshi su bi shi. Ƙarshenta ƙungiya ta rabe biyu, waɗannan su kwashi ganguna, waɗancan su kwashi kayan busa, kowane ɓangare ba shi da abin da zai iya fita wasa da shi. Abota ta shekara goma ta lalace a kan kuɗin da littafin naira ɗari biyar zai iya tsarewa.

Mu Hausawa muna ɗaukar tambayar lissafi kamar zargi ne, kuma wannan ɗabi'a ta cuce mu ba a badujala kaɗai ba, har kwamitin masallaci da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Rubutu kariya ce ga ma'aji kafin kowa. Mutumin kirki in an bashi amana shi ya kamata ya fara cewa a kawo littafi, a sa mashi mai bincike, don ranar da bakin mutane zai buɗe ya samu abin nunawa.

Na san abin da za a ce mani, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Za a ce yaran nan talakawa ne, wani ya rufe shagonshi ya fito, wani ya aje Napep ɗin da sai ya kai balas da yamma, ta yaya za ka ce ya wuni a rana ya koma gida hannu rabbana saboda wata ganga? Gaskiya ne. Ban ce kar a sallame su ba, duk wanda ya fita wasa haƙƙinshi ne a bashi, kuma ƙungiyar da ta hana yaranta za ta wayi gari da kaya masu kyau babu mai bugawa. Abin da nake cewa a sa kayan cikin masu rabo, kuma su fara ɗauka. A ce an samu dubu ɗari bayan an cire mota da abinci, a ware dubu ashirin tun kafin kowa ya miƙa hannu, kashi ɗaya cikin biyar, a raba tamanin. In mutum ashirin ne, wanda zai samu dubu biyar ya samu huɗu. Zai ji zafin dubu ɗayan nan, ban ce ba zai ji ba. Amma fita goma ta tara dubu ɗari biyu, kuma wannan shi ne bambancin ƙungiyar da za ta canza fatunta da kanta da wadda ciyaman ɗinta zai je ya tsuguna ƙofar gidan Alhaji tun asuba. Kuma a sanar da ƙa'idar tun kafin a hau mota, kowa ya san abin da zai samu, ba sai an dawo a gajiye a fara ciniki ba.

Kuɗin da aka ware kuma ya bar hannun mutum. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba a cire ko naira sai biyu sun sa, alat ya riƙa shiga wayar wani dattijo da ba ya cikin masu sa hannun. Wanda ke ƙyamar kuɗin ruwa akwai bankuna irin su Jaiz da TAJ da ba sa mu'amala da shi. Mai gayyata ya tura kafin alƙalami kai tsaye can, a bashi rasit. Banki dai zai nemi takardun rajista, nan ne da yawa ke ja da baya. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari ya sa ma hannu a watan Agustan shekarar, ita ta tsara rajistar ƙungiyoyin da ba na riba ba a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC: a fitar da amintattu, a rubuta tsarin mulki, a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, bayan an samu takarda kuma duk shekara a kai rahoto. Dokar ta hana raba dukiyar ƙungiya ga mambobi da sunan riba, amma ta yarda a biya wanda yai aiki ladan aikinshi, ka ga kenan sallamar yara ba ta saɓa mata ba. Abin na da ɗawainiya da kashe kuɗi, ƙaramar ƙungiya ba lalle ta iya a shekarar farko ba, sai ta fara da littafi da rasit da mai bincike, ta sa rajistar cikin abin da take tara ma kuɗi. A Amurka ƙungiyoyin kiɗa na gari da aka yafe ma haraji duk shekara sai sun kai bayanin kuɗinsu, wadda ta yi shekara uku a jere ba ta kai ba ta rasa yafiyar kai tsaye, kuma kowa na iya duba na manyansu a intanet kafin ya bada gudummawa. Mu ba sai mun kai can ba. Takarda ɗaya a manne ƙofar shago duk bayan wata uku, ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga saura, ta wadatar.

Wani abu kuma da ba ya cin ko kwabo, a ƙirga kayan. Ƙungiyoyi da yawa ba su san ganga nawa gare su ba, wace ce aka saya, wace ce kyauta, wace ce wani ya kawo daga gidansu. A rubuta ma kowace lamba, a rubuta wanda ke riƙe da ita, wanda zai tafi da bigila gida ya sa hannu. A kuma zaɓi yaro ɗaya ko biyu masu hannu a tura su wajen mai gyara su koyi ɗaure fata da wanke maɓallai, kuɗin motarsu daga asusu, cikin shekara ɗaya sun maido shi.

Iyayenmu Alhazai da ke taimaka ma yaran nan, roƙona gare ku kar ku daina, amma ku canza salo. In ciyaman ya zo gaishe ku da buƙata, ku ce ya taho da ma'aji da littafi. In babu littafi ku saya masu, ku ce su dawo bayan wata uku. In za ku sayi kaya ku rubuta takarda cewa kyauta ce ga ƙungiya, mai unguwa ya sa hannu. Masu makarantu kuma, Maulidin bana in kuna lissafin rumfa da lasifika ku sa badujala a layi ɗaya da su, ku tambaye su farashinsu tun da wuri, ku biya ta asusu.